Zumar Gwaggo Yari

Mardiyya na zaune a bakin gado ta soke ɗan yatsanta, ta matso ɗigon jini a kan tsinken awo tana jiran mita ta nuna lamba, sai Inna Altine ta ɗaga labule ta shigo da jakar tafiya.

"In kin ƙare ki miƙo min ita," in ji Inna.

"Mi zan miƙo, Inna?"

"Wagga mita. Ba ki zuwa da ita Liba."

Mardiyya ta ɗago tana kallon mahaifiyarta. Tun tana sakandare likita ya ce tana da ciwon suga, irin wanda sai da allura safe da yamma. Daga lokacin ba ta karya kumallo sai ta auna jininta, ta ɗauki hoton lambar ta tura gurup ɗinsu na waya, inda masu wannan lalura daga Jega, Aliero da Maiyama suke gaisawa kowace safiya. Kowa a ciki yana da abokin awo, wanda zai bi sawunsa in aka ji shi shiru. Tata abokiyar ita ce Anti Iklima, wata tela a Jega.

"Inna, in ba mita ban san halin da jinina yake ba. A makance zan riƙa yin allura."

"Gwaggonki Yari ba abin da ka wuce idonta, bakinta kuma ba shi riƙe magana. Ita da uwar Sagir tun suna 'yan mata suke tare. In ta gani da sahe, kahin la'asar labari ya kai Jega. Ko kin manta abin da dangin Ismail sunka yi muna?"

Ina za ta manta. An sa ranarta da Ismail, danginsa suka ji zancen allura, suka aiko a mayar musu da kayansu, wai mai suga ba ta haihuwa. Inna ta kwana biyu ba ta fita ko maƙwabta. Tun daga nan duk wanda ya tambayi abin da ya hana Mardiyya shan lemo a gidan suna, sai Inna ta ce ulsa ce. Har Gwaggo Yari, yayar babanta, ulsa ta sani.

Yanzu ga Sagir ya fito, an sa rana, saura a kawo lefe. A danginsu kuwa ba amaryar da ake kaiwa ɗakin miji sai ta je Liba Gwaggo Yari ta yi mata gyaran jiki. Mardiyya ta yi kuka, ta riƙe ƙafar Inna. Abin da kukan ya samo mata kawai shi ne izinin ta ɓoye kwalbar insulin, ruwan allurarta, a cikin zannuwanta. Mita kam Inna ta ɗora ta a saman kabad.

Da yamma Sagir ya zo sallama. Dillalin albasa ne, yana saye a kasuwar Aliero yana lodi zuwa kudu, kuma a nan ya fara ganinta. Ya san ciwonta tun ranar farko, don ita ta gaya masa da bakinta.

"Ka hwaɗa ma Hajiya?" ta tambaye shi a zaure, tana nufin mahaifiyarsa.

Ya shafa ƙeya. "Mardiyya, pilis, ki bari a ɗaura tukuna. Kin san Hajiya. Bayan biki wallahi ni da kaina zan zaunar da ita."

"Kullum bayan biki."

"Ina tsoron in rasa ki ne."

Ta so ta ce masa an karɓe mata mita, sai ta ga idan shi ma tsoro ne ya cika shi, wa za ta kai wa kuka? Ta yi masa sallama ta koma ciki. Ga Anti Iklima kuwa kunya ta hana ta faɗin gaskiya, sai ta rubuta cewa za ta ƙauye kuma netwok babu kyau.

Gwaggo Yari ta tarbe ta da guɗa. Tsohuwa ce mai son Mardiyya kamar ta haɗiye ta, kuma wannan son shi ya kusa yin ɓarna. Ta fara da karɓe waya, don a wajenta amaryar da ke gyara ba ta hira da ango. Sannan ta kewaye ta tana tsaki.

"Dibi wuya, dibi hannuwa. Altine ba ta ba ki abinci? Wallahi ba a kai ɗiyar ƙanena Jega awa kara. Ki bar ni da aikina."

Aikin Gwaggo kuwa sananne ne a Liba da ƙasar Maiyama kaf. Da safe kunun dabino da zuma. Da hantsi nonon da matan rugar bayan gari suke kawowa, a dama shi da mazarƙwaila. Da yamma tsimin rake. Kuma ba ta miƙa kofi ta tafi, tsayawa take da hannu a ƙugu sai ta ga gindinsa.

"Gwaggo, ulsa ta ba ta son zaƙi," in ji Mardiyya ranar farko.

"Zuma? Zuma ita ta maganin ulsa. Shanye."

Ta shanye. Tana sha tana jin kamar tana zuba wa kanta wuta, amma da wane baki za ta ce Inna ta yi shekaru tana ƙarya? Kwalbar insulin tana binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Takan faki ido ta yi allura a bayan gida, ba ta san ko ta isa ba, tana kuma tsoron ƙarawa kada sugan ya faɗi warwas a inda ba wanda ya san me zai yi mata.

Ba a jima ba jiki ya fara magana. Ƙishirwa ba ta barinta, ta sha moɗa bayan moɗa, ta yi ta zaryar bayan gida. Idonta ya soma ganin hazo. Maimakon ta yi ƙiba sai ta ƙara zubewa. Gwaggo ta dube ta, ranta ya ɓaci, don ba a taɓa kawo mata amaryar da ta gagare ta ba. Sai ta yi abin da ta sani: ta aika aka ƙaro zuma, ta ninka kofi.

Mardiyya takan zauna a inuwar rumbu ta tuna safiyar gurup. Wani tsoho ɗan Kuberi da kullum yake haɗa hoton mitarsa da addu'a. Wata malamar makaranta da ke tsokanar duk wanda lambarsa ta hau da cewa ya ci amanar tuwo. A can ba a jin kunyar lamba, ko ta yi sama ko ta yi ƙasa. A nan kuwa tana tsakiyar danginta, kowa na sonta, kuma ba ta taɓa jin kaɗaici irin wannan ba.

Anti Iklima ta yi haƙuri na 'yan kwanaki, sannan hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta rufe shago ta hau mota zuwa Aliero. Inna Altine ta ce lafiya lau, gyaran jiki ne kawai. Iklima na shirin tashi idonta ya kai saman kabad, ta ga 'yar baƙar jakar da ta sani sarai.

"Inna, wannan ba mitar Mardiyya ba ce?"

Inna ta kau da kai.

"Gyaran jiki ba mita? Mi ake ba ta can?"

Hawaye suka zubo wa Inna. Ta ce in ta je ta ɗauko ta yanzu asiri ya tonu, kuma ba za ta iya ganin an sake mayar da kayan ɗiyarta ba.

Iklima ba ta tsaya gardama ba. Ta koma Jega, ta iske Sagir a ƙofar gidansu ana ɗaure buhunan albasa. Ta gaya masa komai, ba ta rage ba.

"Bari in ɗauko mota," in ji shi.

"Ka tai ka ce mi? Kai ango na, ko zaure ba a barin ka wuce. Ni baƙuwa ta, ba ta sanni ba. Mutum guda Gwaggo Yari ka buɗe ma ƙohwa ba tambaya, kuma tana cikin gidan ga."

Sagir ya dubi ƙofar gidan ya daɗe. Ya san idan ya shiga ya faɗa, mai yiwuwa auren ya tashi. Ya kuma san idan bai shiga ba, ba auren ne zai tashi ba, amaryar ce za a rasa. Ya cire takalmi ya shiga.

Mahaifiyarsa, Hajiya Gudiya, ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba. Sannan ta ce, "Wato kai da su kunka haɗa baki kunka mai da ni sakarya." Ya durƙusa yana ba ta haƙuri. Ta miƙe ta yafa mayafi. "Rai za ni ceta. Maganar aure kuma ka cire ta daga ranka."

Suka isa Liba bayan azahar. Mardiyya na kwance a tabarma tana numfashi da ƙyar, ta yi amai, leɓunanta sun bushe. Gwaggo na zaune kanta da kofi tana lallashinta ta daure ta kurɓa. Iklima ta ciro tata mitar ta soki yatsan yarinyar. Mitar ba ta nuna lamba ba, don sugan ya wuce abin da take iya aunawa.

"Ciwon suga gare ta, Yari," in ji Hajiya Gudiya. "Zumar ga ita ka kashe ta."

Kofin ya suɓuce daga hannun Gwaggo. Ta dafe ƙirji tana salati. "Ni? Da hannuna? Don mi ba wanda ya hwaɗa min?"

A mota Hajiya ce ta ɗora kan Mardiyya a cinyarta, don ba wani wuri. Suna cikin tafiya yarinyar ta buɗe ido, ba ta gane kowa ba, ta ce a hankali, "Gwaggo, na shanye. Kada ki yi hushi da Inna." Hajiya ta juya fuskarta wajen taga.

Likitoci suka yi ta fama, Allah ya sa da sauran kwana. Amma da aka sallame ta ta koma Aliero, ba lefe, ba aike, ba labari. Inna ta rame fiye da mai jinya. Sagir bai yi wa mahaifiyarsa musu ba, bai kuma yarda da ko ɗaya cikin 'yan matan da aka riƙa ambata masa ba. Mardiyya ta koma awonta na safe. Takan tura lamba, 'yan gurup su yi mata sannu, ta kife wayar ta yi kuka. Ba abin da ya rage a hannunta sai addu'a da jira.

Abin da ba ta sani ba shi ne, Hajiya Gudiya ta kai ɗinki shagon Iklima, ɗinkin da ba ta buƙata. Ta zauna tana kallon yara uku suna hawa da sauka a kan benci.

"Ɗiyan wa na?"

"Nawa na, Hajiya. Duka bayan na kamu da suga na haihe su. Awo, magani, da zuwa asibiti a kan kari, shi ke nan."

Hajiya ta sake duban yaran ta ce, "Maganar yarinyar nan cikin mota ta hana ni sukuni. Tana mutuwa tana kare uwarta. Ni da nike jin haushin an ɓoye min, sai da na tambayi kaina: in da sun hwaɗa min tun hwarko, mi zan yi? Abin da sunka ji tsoro shi zan yi."

Wata Asabar da hantsi motoci suka tsaya a ƙofar gidan su Mardiyya, mata suka fito da akwatuna. Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Aka shimfiɗa tabarmi, maƙwabta suka cika tsakar gida, har Gwaggo Yari da ta tare a gidan tun bayan asibiti. Aka shiga buɗe lefe ana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya yadda kowa zai gani, atamfa, leshi, takalma. Da aka zo ƙaramin akwati, sai Iklima, wadda Hajiya ta roƙa ta biyo 'yan kawo lefe, ta karɓa ta buɗe da kanta. Ta ɗaga sabuwar mita da kwalayen tsinken awo sama.

"Saƙon uwar ango," in ji ta. "Ta ce a nuna ma kowa. Surukarta na da suga, ta sani, kuma tana so. Ta ce daga ranar da anka kai amarya, kowace sahiya ita za a hwara nuna ma lamba kahin a tura muna gurup."

Mata suka dubi juna. Inna Altine ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Abin da ta yi shekaru tana binnewa, ga shi an ɗaga shi a gaban unguwa cikin kayan girma, kuma ba wanda ya tashi ya fita. Gwaggo Yari ce ta fara guɗa.

Mardiyya na ɗaki tana jin komai. Inna ta shigo ta zauna kusa da ita, ta kama yatsun nan da suka sha suka ta riƙe.

"Ki yahe min, ɗiyata. Na so in rufa miki asiri, na kusa rufe ki da ƙasa."

Ciwo ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne yake kisa, kuma wanda zai zauna da kai don Allah zai zauna da kai da lalurarka. Mardiyya ta yi haƙuri ta ga ranarsa, amma ita da kanta takan gaya wa sababbin shiga gurup cewa biyayyar da za ta sa ka sha abin da zai hallaka ka ba ita Allah ya ce ba.

Washegari da safe ta soki yatsa da sabuwar mita. Inna na tsaye a kanta, Gwaggo na leƙe ta kafaɗar Inna.

"Nawa ta ce?" in ji Gwaggo.

"Shida, Gwaggo. Lafiya lau."

"To, madalla. Karanta min ita kullum, tun da ni ban iya ba." Ta miƙo mata kofin kunu, ta yi saurin ƙarawa, "Ba zuma. Na rantse."