Fankar da Ke Hura Kango

Ana gab da kiran magariba dutse na farko ya faɗo tsakar gidan Nazeer a Ƙofar Na'isa. Hajo, matarsa, ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu da ta taɓa, zafi gare shi kamar daga murhu aka ciro shi.

Nazeer hayar manhajar kasuwanci yake bayarwa, 'yan kasuwa su shiga ta waya su ga kayan shagonsu. In an tambaye shi inda manhajar take, sai ya gyara hula ya ce tana gajimare, a manyan na'urorin ƙasar waje. Gajimaren nan kuwa ɗakin bayan gidansu ne, inda ya jibge tsofaffin na'urorin da ya saya a gwanjo. Da zafi ya yi musu yawa, ya fasa bango ya kafa fanka tana hura shi cikin kangon baya. Bai yi sallama ba, bai yi bismilla ba. Mai digiri ai ba ya gaida kango.

Jifa ya zama na kullum. Sannan 'yarsa Ikram ta daina cin abinci, sai ta zauna a ƙofar ɗakin nan tana fifita da hannu, gumi na zuba. Rannan da almuru ta yi magana da muryar tsohuwa.

Alhaji Baffa, wanda ya yarda da Nazeer har ya jawo masa rabin 'yan layinsu a kasuwa, shi ya kawo Malam Ilu. Malam ya daɗe yana karatu. Gidan ya yi tsit, sai kukan fanka.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"'Yardada. Tun kafin kakan uban yarinyar nan muke kangon baya. Yana hura mana wuta dare da rana, jikokina duk sun ƙuna."

Malam ya ce yarinya ba ta da laifi, 'Yardada ta ji tsoron Allah ta fita daga jikinta. Ta ce za ta fita, amma sai an kashe ƙarafan ɗakin nan yanzu, ta samu ta kwashe nata su bar unguwar.

Alhaji Baffa ya tambaya, waɗanne ƙarafa?

Kunya ta rufe Nazeer, ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige. Ya dubi Ikram, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage. Ya tashi ya buɗe ɗakin. Ga na'urorin nan a kan bulo, an ɗaure wayoyinsu da tsumma, ɗaya an manna mata sunan shagon Alhaji. Ya kashe su.

Fanka ta tsaya. Ikram ta yi atishawa, ta kira mamanta da muryarta, ta ce a ba ta ruwa.

Sai wayar Alhaji Baffa ta yi ƙara. Daga shago ne, wai manhaja ta ɗauke. Bai dubi Nazeer ba.

"Ku rufe ku tafi gida," ya ce a hankali. "Ga ni tsaye a ƙofar gajimaren."