Tsumman da Ke Rataye a Ƙusa

Rana ta faɗi, ba a kai ga kunna fitila ba, sai dutse ya sauka a kan rufin ɗakin girki. Uwar gidan tana yanka albasa, ta tsaya da wuƙa a hannu. Na biyu ya biyo baya, na uku ya fasa gilashin taga. Maigidan ya zagaya bayan gida da sanda, ya dawo bai ga ko kaza ba.

Kwana tara ke nan da binne mahaifinsa. Amai da gudawa ne suka bi gidan ɗaki ɗaki: maigidan, ƙanwarsa, 'yarsa Auta mai shekara goma sha biyu, har kyanwar da ke lashe kwanuka sai da ta kwanta a ƙarƙashin benci tana kakari. Kowa ya tashi bayan kwana biyu, ban da tsohon, wanda ya bushe kamar kara kafin a kai shi asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ce norobairas ce, ƙwayar cuta mai bin hannu da abinci, ta tambaya wa ya fara kwantawa. Uwar gidan ta dubi farcenta. Ƙanwar miji ta ce cutar da ta haɗa mutum da dabba ai iska ce. Uwar gidan ta ce haka ne, har ta ji sanyi a ranta, don an samo wanda zai ɗaukar mata kaya.

Ita ce ta fara. Mai girki ce a wani gidan abinci inda duk wadda ta ce ba ta da lafiya za ta dawo ta tarar da wata a kan murhunta, shi ya sa ta saba cije ciwo. Ran nan ta yi amai a banɗakin gida, ta goge da tsumma, ta ɗauraye shi da ruwa zalla don sabulu ya ƙare, ta mai da shi ƙusarsa ta kusa da kwanuka. Da shi aka goge farantin tsohon.

Kwana uku ana jifa duk magariba. A na huɗu Auta ta zauna a ƙofar ɗakin girki, ta daina ci, ta daina sha. In aka kai mata kofi baki sai haƙoranta su datse. Da leɓenta ya fara tsagewa kamar na kakanta, maigidan ya ɗauko malam.

Malamin ya zauna gabanta yana karatu a hankali. Can yarinyar ta ɗago kai, wata murya mai kauri ta fito daga ƙirjinta.

"Sassauta, malam. Ba da faɗa na zo ba."

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Shekara arba'in ina zaune a magudanar ruwan gidan nan, ban taɓa ɗaukar musu ko cokali ba. Tsohon nan kaɗai ke min sallama in zai wuce. Yau ni ake cewa na kashe shi."

"Me za a ba ka ka tafi?"

"Ba na son yanka, ba na son turare. Wanda ya fara kwantawa ya faɗa da bakinsa. In ba haka ba, ko ɗigon ruwa ba zai wuce maƙogwaron nan ba."

Uwar gidan ta ji tsoro, ta kuma ji haushi. Ina ruwan aljani da wankin suna? Ta dubi leɓen 'yarta, ta dubi ƙusar. Tsumman na nan a rataye.

"Ni ce, malam."

"Ba uban malam aka binne ba," in ji muryar.

Ta juya ga mijinta. "Baban Auta, ni ce na fara. Na ɓoye." Ta faɗi zancen tsumman, da farantin, da shirun da ta yi a asibiti.

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Da 'yar muryarta ta ce, "Umma, ruwa."

Uwar ta zabura ta ɗebo. Kafin ta durƙusa maigidan ya karɓi kofin daga hannunta. Bai zage ta ba, bai ko dube ta ba. Ya zubar da ruwan, ya wanke kofin da sabulu, ya ɗebo wani da kansa ya ba 'yarsa.

Aljanin ya cika alkawari, ba a sake jifa ba. Uwar gidan ta ƙona tsumman, ta riƙa wanke hannu har fatar ta tsattsage. Kullum da yamma tana ajiye wa maigidan abinci a rufe, kullum da safe tana ɗauke shi yadda ta ajiye.