Wanda Aka Bari a Teku

Ma'u na daka gero a gidan mahaifiyarta a Gummi aka rangaɗa guɗa, wai sojan da suka tafi yaƙin Bama sun dawo! Ta jefar da taɓarya ta yi zaure. Mijinta Lirwanu ne tsaye da kakinsa, ya rame kamar kara. Tare suka tafi yaƙin da wanta Mu'awiya, ga shi yau shi kaɗai.

"Ina ɗana?" in ji Inna.

Lirwanu ya durƙusa. "Inna, sai haƙuri. Zazzaɓi ya kama shi cikin jirgin ruwan da yad ɗauko mu. Allah ya yi mashi cikawa tsakiyar teku."

"To ina kushewatai?"

"Babu tudu kusa, Inna... cikin ruwa munka sa shi."

"Ruwa! Yaƙi bai ci shi ba, sai kai ka jefa man ɗa ga kifaye? Ma'u, in ni na haife ki, ba ki koma ɗakin wanga mutum!"

Ma'u ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Son mijinta na cin ta, amma ba ta iya tsallake maganar uwa, kuma ba ta nemi saki ba. Dangi kuwa, da ba su taɓa ƙetare ko gulbi ba, kowa ya zama malamin teku. Har da masu cewa ai Turawa ko kare ya mutu haka suke wurga shi.

Lirwanu bai yi musu da kowa ba. Da damina ta faɗi ya saɓi fartanya ya shiga gonar Mu'awiya. Ya yi noman fari, ya yi maimai, ba sannu ba ruwan sha. Ma'u na leƙensa ta dangar kara tana share hawaye.

Ranar da ya kawo dammunan gero, Inna ta tare shi a zaure.

"Wa ya yi mashi wanka?"

"Ni, Inna. Ruwan sha awo aka yi muna, sai sojan ƙungiyarmu kowa ya zuba nashi cikin bokiti, munka wuni da ƙishi. Saje, babbanmu, ya ba da farin ƙyallenai munka yi likkafani. Na matsa ma matuƙan jirgin sai da sunka nuna man alƙibla. Sahun da yay yi mashi salla, ko Idi ban taɓa ganin irinai ba."

"Don mi ba ka hwaɗa man ba tun ranan?"

"Ba ki tambaya ba, Inna, kuma ba a jayayya da uwar mamaci."

Inna ta zauna daɓas ta fashe da kuka, kukan da fushi ya hana ta yi tun rani. Da ta natsa ta ɗaga murya. "Ma'u! Kina jin mutum ya sha rana, kawo ma mijinki hura!"

Ma'u ta fito ta miƙa masa ƙwaryar fura. Haka haƙuri yake, ya fi gardama saurin isa zuciyar mai baƙin ciki.