Gawar da Ta Sosa Ƙafa

A Roni har yau ana cewa Abdulnasir, saurayin nan na Kazaure mai yi wa finafinai ba'a a intanet, sai da ya yi kuka da hawaye ya goge bidiyonsa kafin Alhaji Na'Allah ya ba shi 'yarsa Sadiqa. Zancen ya cika daɗi a bakin masu yinsa, shi ya sa ban yarda da shi ba. Na bi diddiginsa har ɗakin amaryar, ga abin da na samo.

Sun haɗu ne a wani shagon tura finafinai kusa da tashar Kazaure. Sadiqa tana shekarar ƙarshe a karatun kwamfuta, ta shigo a sa mata cajin waya. Shi kuma yana kan benci da kwamfuta a cinya, yana haɗa shirinsu mai suna Mun Gani da Ido. Shi da abokinsa Haladu ke yinsa: su kalli fim, su tsinto kura-kuransa, su kwaikwaye su da tsummokara da murfin tukunya, jama'a su yi ta dariya.

Ta ɗan tsaya a bayansa, sannan ta ce, "Malam, muryarka ta riga bakinka. Ja sautin baya kaɗan."

Ya juyo zai yi musu, ya ga fuskarta, ya fasa. Ya ja sautin, ya zauna daidai.

"Wata uku ina neman mai ido irin naki," in ji shi.

"Ni kuwa ban taɓa neman mai baki irin naka ba."

Sunayen da suka bi su ke nan. Shi yana ce mata Idona, ita tana ce masa Mai Baki. Kafin damina ta sauka, ba ya sakin bidiyo sai ta duba, ita kuma ba ta karyawa sai ta ga saƙonsa.

Mahaifinta, Alhaji Na'Allah, tsohon sufeton makarantu ne. Ya yi shekara ashirin yana rubuta labarin maharban duwatsun Roni, da ya yi ritaya ya ba ɗan ƙanensa Jamaluddeen ya mayar da shi fim. Jamaluddeen ne darakta, shi ne jarumi, kuma ya daɗe yana nuna yana son Sadiqa. Alhaji bai bari an sa sunansa a fim ɗin ba, don gudun surutu.

Sadiqa ta kalli fim ɗin kafin a sake shi, ta rubuta kura-kurai goma a takarda. Agogo a hannun maharbin zamanin da. Turken wutar lantarki a bayan dutse. Ƙarar adaidaita a tsakiyar artabu.

Jamaluddeen ya karanta, ya yi dariya. "Ƙanwata, in kin zo gidana kya riƙa gyara min miya. Fim ba naki ba ne."

Ta dubi mahaifinta. Ya ce, "Bar wa masu aiki aikinsu."

Zuciya ta ɗebe ta. Ranar da fim ya fito ta miƙa wa Abdulnasir takardar, ba ta gaya masa fim ɗin waye ba. Kuskure ɗaya ta ƙi rubutawa da gangan. A wurin yaƙin akwai wata gawa lulluɓe da zane, wadda ta ɗaga ƙafa ɗaya ta sosa ɗayar. Ta ɗauka ba zai lura ba, ba ta kuma nemi duba bidiyon ba, don ba ta son sake ganin fim ɗin.

Ashe ya lura. Sau biyar ya maimaita wurin, sannan aka nuno Haladu kwance cikin zanen gado yana susa kamar mai ƙazuwa.

Da ta gani, ba ta ɓata lokaci ba. Ta rubuta masa:

"Mai Baki, ka cire bidiyon nan yanzu. Don Allah."

"Idona, lafiya? Shi ne ya fi kowanne tafiya."

"Babana ne a ƙarƙashin zanen."

Cikin minti biyu ya ɓoye shi daga shafinsu. Amma an riga an sauke, yana ta yawo a wayoyin mutane daga garin Gwiwa har Babura. Abin da ya rage mata na sanyi shi ne babu wanda ya san fuskar gawar, sai 'yan gida, sai kuma Abdulnasir yanzu.

Ba a yi mako ba duk Roni ta san Alhaji ne gawar. In Alhaji ya fito zai tafi masallaci, sai ka ga matasan majalisa sun sunkuya suna sosa ƙafa, ba mai cewa komai. Mutumin da ya yi shekara talatin a sahun gaba ya koma yin salla a zaurensa.

Sadiqa ta rubuta wa Abdulnasir: "A waje kai kaɗai na gaya wa."

"Wallahi ko Haladu ban gaya wa ba."

Kwana tara yana kira tana kallon wayar har ta katse.

A cikin kwanakin nan Jamaluddeen ya turo a yi masa maganar aurenta. Abdulnasir ya ji, shi ma ya roƙi kawunnansa suka zo gaisuwa. Alhaji ya karɓe su da mutunci, ya mayar musu da goronsu. Bayan sun tafi ya kira ta.

"Ba zan yi miki dole da kowa ba, Sadiqa. Amma wancan yaron ba zai taka zaurena ba muddin ina da rai."

"To, Baba," ta ce. Ta koma ɗaki ta rasa wa za ta fi jin haushi, shi ko kanta.

A kwana na goma wata ƙawarta ta turo mata saƙon murya da ke yawo a tsakanin samarin gari. Muryar Jamaluddeen ce, tana cike da dariya: "Ku bar zancen agogona haka. Kun san waye gawar nan kuwa? Baffa ne da kansa."

Sau uku ta saurara. Sannan ta rubuta:

"Mai Baki, na zalunce ka. Ka yafe min."

"Idona, na yafe tun kafin ki tambaya. Kin ci abinci?"

"Zan gaya wa Baba zancen takardar."

"Kada ki yi. Ni ya ƙi, amma yana da ke. In kin faɗa, wa ya rage masa?"

"Kura-kuran nan goma ni na tsinto su."

"Wanda ya yi masa ciwon kuwa ni na tsinto shi."

Ba ta ji maganarsa ba. Bayan La'asar ta sami mahaifinta a kan buzu, ta durƙusa, ta kunna masa muryar Jamaluddeen. Fuskarsa ba ta motsa ba. Sai ta ce, "Baba, akwai saura. Kura-kuran nan goma ni na rubuta, ni na kai masa. Bai san fim ɗinka ne ba. Ni na sani."

Ya ajiye carbinsa a kan buzun.

"Gobe da hantsi," ya ce, "ki ce ya zo."

Abdulnasir ya zo da doguwar riga da hula, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Sadiqa tana bayan ƙofar cikin gida, ta riƙe bakin mayafinta da haƙori.

"Wa ya tsinto maka kura-kuran?" Alhaji ya tambaya.

"Ni ne, Baba."

"Duka?"

"Duka, Allah ya ƙara maka lafiya."

"Ta riga ta gaya min. Ka iya rufin asiri, ka fi ɗan ƙanena." Ya gyara zama. "Agogon kuskure ne. Turken wutar ma kuskure ne. An gaya min tun da wuri, ban ji ba. Amma kai, ka yi minti uku kana yi wa gawa dariya. Ka tambaye ta abin da ya same ta?"

Abdulnasir ya sunkuyar da kai. "Ban tambaya ba, Baba."

"A kan gidan cinnaka aka kwantar da ni. Rana tana faɗuwa, an ce in wani ya motsa sai an dawo gobe da mutum arba'in. Minti takwas suna cina daga idon sahu har gwiwa. Sau ɗaya na sosa. Sau ɗaya tak. Kai za ka iya minti takwas?"

"Ko biyu ba zan iya ba, Baba."

"Ina bidiyon yake?"

"Na ɓoye shi. In ka ba da izini yanzu zan goge shi gaba ɗaya."

"Ka goge, a ce Na'Allah ya ji tsoron dariya? Mayar da shi inda yake. Jibi ka zo da kyamararka da wannan abokin naka mai zanen gado. Gawa za ta ba da amsa."

Sadiqa ta zauna a ƙasa a bayan ƙofar. Daga zaure ta ji Alhaji ya ƙara da cewa, "Ka ce wa kawunnanka su dawo da goron nan. Ita kuma waccan mai laɓe, a ba ta ta duba sautin."

An ɗauki bidiyon a gindin dutsen da aka yi fim. Alhaji ya nuna gidan cinnakar da sandarsa, ya ce duk matashin da ya isa ya zo ya kwanta. Haladu ya gwada, ya yi daƙiƙa arba'in. Ranar Juma'ar da ta biyo, Alhaji ya koma sahun gaba.

An ɗaura aure bayan an kawar da amfanin gona. Da za a kai amarya Kazaure, Alhaji ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Sadiqa. Ya ba ku zaman lafiya da zuriya tagari. In kin ga kuskurensa ki gaya masa, shi yana ji."

A mota wayarta ta yi ƙara.

"Idona, kin taho?"

"Na taho, Mai Baki."

Abdulnasir bai yi kuka ba, kuma bai goge komai ba. Bidiyoyin biyu suna nan a shafinsu, ɗaya a kan ɗaya. Alhaji Na'Allah ne ya sa aka mayar da na farkon.