Takardar da ke Ƙasan Akwati

Saura kwana tara ɗaurin auren Zakiyya, gidansu a Omdurman ya cika maƙil da mata, ana dakan turaren amarya, ana guɗa, ƙamshin sandal har bakin titi. Ana cikin haka sai ga mahaifiyarta, Inna Mero, ta faɗo gidan, ba buta, ba murhu, takalmi ma ƙafa ɗaya! Shekara goma sha shida tana sayar da shayi a gindin wata darbejiya a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ba ta taɓa dawowa hannu rabbana ba sai yau.

Kasha ce ta rutsa da ita, wato samamen da ma'aikatan mahaliyya, ƙaramar hukuma, ke kai wa masu sana'ar bakin titi. An kwashe mata komai an loda a mota. Amma duk wannan bai ƙona mata rai ba kamar wanda ta gani tsaye jikin motar da biro a hannu: Salahuddin, angon da ake wa wannan dakan.

"Da idona na gan shi," in ji ta tana haki. "Ku tattara lefensa ku mayar!"

Taɓare suka tsaya cak. Zakiyya ta ruga ɗaki tana kuka kamar ranta zai fita, don tana son Salahuddin so ba na wasa ba. Ta kira wayarsa sau bakwai, a kashe.

Kawu Ɗantsoho, yayan Inna, ya zo ya ƙara wa wutar fetur. Ya ce aure dai an fasa, kuma kada wanda ya kuskura ya je ofis neman kaya. Mutane irinsu, da kakanninsu suka tako a ƙasa za su Makka suka yada zango a nan, ina su ina ja da hukuma? Ka je karɓar buta, a ce kawo shaidar ɗan ƙasa ta kakanka!

Bayan la'asar Salahuddin ya yi sallama, rigarsa duk ƙura. Ba a ko shimfiɗa masa tabarma ba. Daga tsaye ya yi bayani: aikinsa rubuta takardar kame, kuma shugabansu Hisham ya umarce shi ya rubuta cewa Inna ba ta da izinin sana'a. Ya ƙi, domin shi da hannunsa ya buga wa izinin nata hatimi bara. Nan take aka ƙwace biron aka dakatar da shi. Gobe za a kai maganar gaban alƙali.

"Inna, don Allah ina takardar izinin?" in ji shi.

Inna ta sunkuyar da kai. Ashe tana can ƙasan akwatin ƙarfe, a naɗe cikin tsumma tare da takardun marigayi mahaifinta. Haka mutanenmu suke: takardar hukuma ta fi zinariya tsada a wurinsu, sai su ɓoye ta ɓoyon da ranar buƙata ba ta kusa.

Kawu ya hana a ciro. Zakiyya ta fito daga ɗaki, amaryar da aka killace wata guda ko ƙofar gida ba ta leƙawa, ta durƙusa ta ce a cikin ladabi, ita za ta kai. Mata suka yi ca a kanta, wai rana za ta ɓata gyaran jiki. Ko a jikinta.

Washegari ita da Inna suka tsallaka gada a bas. A kotu Hisham ya ce umarni aka ba shi a share titin baki ɗaya. Zakiyya ta miƙa takardar. Aka kira Salahuddin, ya tabbatar da hatiminsa, bai ƙara ba bai rage ba.

Alƙali ya dubi Hisham ya ce, "An ba ku ikon kawar da mai tare hanya, bawan Allah. Ba a ba ku ikon ƙwace wa mai izini abin cin abincinta ba. Ku mayar mata da kayanta yau."

Inna ta manta inda take, ta rangaɗa guɗa har sai da ɗan sanda ya tsawatar!

An mayar da kaya, amma ba a mayar da Salahuddin aiki ba. Kawu ya sake tada ƙayar baya, wai wa zai ba marar aiki 'ya? Wannan karon Inna ce ta tare shi.

"Yaya, wanda ya ajiye aikinsa don kada ya yi mini ƙarya, shi zan ba amanar 'yata. Ni ce ma zan roƙe shi gafara."

Ta kuma roƙa, a gaban kowa, da hawayenta. Ranar da aka sa, ranar aka ɗaura. Kafin wata biyu wani mai gareji, cikin masu shan shayin Inna, ya ji labarin ya damƙa wa Salahuddin makullan shagonsa.

'Yan'uwa, hukuma tana da iyakarta, talaka ma yana da haƙƙinsa, sai dai wanda tsoro ya hana shi nema ba ya samu. Kuma kada a yi saurin yanke wa masoyi hukunci da abin da ido ya hango daga nesa, a yi haƙuri a ji ta bakinsa tukuna.