Goyon Rufa'i

Wanne ne ya fi girgiza Safiyyatu a wannan hantsin, ganin namiji da goyo a tsakiyar titin Tudun Wada, ko kuwa gane cewa namijin nan shi ne wanda aka sa musu rana bayan Babbar Sallah? Ko ita kanta aka tambaya, ba za ta iya rarrabewa ba.

Ta dai san kwanon man gyaɗa ya suɓuce daga hannunta.

"Goggo..." ta ce. "Wancan ba Rufa'i ba ne?"

Goggo A'i, ƙanwar babanta, ta kare rana da tafin hannu ta duba da kyau.

"Innalillahi. Shi ne. Da zanin mata kuma."

Rufa'i fa. Akawun tashar jirgin ƙasa, mai farar riga da kullum ke shan guga, wanda ya sayi babur Vespa a shekarar nan ta ƙarin albashin Udoji har ƙawayenta suka riƙa yi mata murna. Yau ga shi a ƙasa yana tafe, zanin atamfa ɗaure a ƙirjinsa, ɗan ƙaramin kai yana lilo a bayansa. Teloli sun bar kekunansu sun fito bakin shago. Direbobin da ke gindin darbejiya suna dariya har da buga cinya.

Ya hango ta, fuskarsa ta washe kamar babu abin da ke faruwa.

"Safiyya, hasken idona, Allah ne ya kawo ki. Ƙullin ya sassauta. Riƙe min ita in gyara."

Ta ja da baya.

"Ni?"

"Ɗan lokaci kaɗan ne."

"Rufa'i, mutane suna kallonmu..."

"Na gan su."

"Ba zan karɓa ba. Don Allah ka sauke ta, ka rufa min asiri."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya jingina da bangon wani shago, ya tokare jaririyar da hannu ɗaya, ya ja bakin zanin da haƙori ya ɗaure. Ya wuce abinsa.

Ba wai ba ta san labarin ba ne. Yayarsa Delu ta rasu wajen haihuwa, mijinta ya hau lorinsa ya yi Legas, ya ce renon 'ya mace ba aikinsa ba ne. Jaririyar, Kadijatu, ta dawo hannun Dada, mahaifiyar Rufa'i, a gidansu na unguwar Shamaki, ita kuma bayanta ya daɗe da ƙin ɗaukar ko tulun ruwa. Safiyyatu ta je ta'aziyya, ta yi kuka, ta koma gida. Ba ta taɓa tambayar kanta wa ke kai yarinyar awo wajen Margaret, malamar jinya, ko wa ke jijjiga ta in ta ƙi barci ba.

Kafin azahar labari ya riga ta isa gida. Rabe ne ya kawo shi, direban lorin auduga da ya nemi aurenta bara ta ƙi shi.

Babanta, Malam Sallau, ya kira ta ɗakinsa. Tsohon shugaban 'yan dakon auduga ne, wuyansa har yanzu kamar turmi.

"Gaskiya ne abin da na ji?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Na sani tun farko. Na ce wa uwarki hannunsa ya yi laushi da yawa. Mu a zamaninmu namiji buhu yake ɗauka a bayansa. Yanzu gwamnati ta zuba musu kuɗi, ta zaunar da su kan kujera ƙarƙashin fanka, to ga inda abin ya kai mu. Gobe sai ki tarar ya ɗaura ɗankwali yana tuƙa tuwo."

"Baba, marainiya ce..."

"Garin nan mata sun ƙare ne? Na aika ya zo bayan la'asar. Ko ya miƙa yarinyar ga mata, ko a mayar masa da kayansa."

Ta koma ɗaki ta kwanta rub da ciki. Abin da ya fi ci mata rai, ba ta san wa take jin haushi ba. Rufa'i ya kunyata ta a gaban gari, wannan gaskiya ne. To me ya sa in ta rufe ido ba dariyar direbobi take ji ba, haƙorinsa take gani yana jan bakin zani?

"Ki daina kuka, 'yar nan," Goggo ta ce. "Rabe yana nan. Wannan ko ɓarawo ya ji muryarsa sai ya canja gida."

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Malam Sallau ya zauna da abokansa, Rabe ya jingina da bango yana kaɗa makullin lori. Safiyyatu ta laɓe a zaure, idonta a tsagin ƙyaure.

Sai ga shi ya taho.

Da goyon.

Ta toshe baki da mayafi. Wani dattijo ya yi salati a hankali.

Rufa'i ya cire takalmi ya durƙusa, yana karkata gaba don kada ƙafar yarinyar ta taɓa ƙasa.

"Barka da yamma, Baba."

"Da gangan ka zo min haka?"

"A'a, Baba. Dada ce zazzaɓi ya kwantar. Ba wanda zan bar wa."

"Ka ba mata."

"Na kai ta gidaje. Wata ta ce in ta shayar da ita ta haramta wa 'ya'yanta maza. Wata ta ce ba ta karɓar 'yar da ta zo da mutuwar uwarta. Wadda ta karɓa kuma, na je na tarar da ita a ɗaki ita kaɗai, ta yi kuka har murya ta ɗauke."

"To ka aika ta ƙauye wajen dangin ubanta, ka auri 'yata. Abu ɗaya za ka zaɓa."

Rufa'i ya sunkuyar da kai.

"Baba, ina son Safiyya fiye da yadda zan iya faɗa a gabanka. Amma ita tana da kai, Kadijatu kuwa ba ta da kowa."

Rabe ya tuntsire da dariya.

"Kun ji ko? Uwar Kadijatu ta yi magana. Inna, nono ya kawo kuwa?"

Rufa'i ya miƙe zai yi sallama. Rabe ya sha gabansa, ya kama bakin zanin ya fizga.

"Kwance wannan abin, kana zubar mana da mutunci."

Ƙullin ya warware. Hannayen Rufa'i biyu suka koma baya suka tallafe yarinyar, ta fasa kuka.

Rabe ya kwaɗa masa mari.

Ƙarar ta shiga har zaure. Safiyyatu ta jira ya rama, ko ya gudu. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dai juya a hankali ya fuskanci Rabe sosai, yadda jikinsa zai kare abin da ke bayansa.

Na biyun naushi ne. Leɓensa ya fashe, jini ya sauko kan farar rigar.

Daga inda take tana ganin bayansa. Damatsansa sun kumbura suna rawa, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Tafukansa kuwa a buɗe suke a ƙarƙashin yarinyar, babban yatsansa ma yana shafa mata cinya.

"In kai namiji ne sauke ta mu gwada," Rabe ya ce yana haki.

Rufa'i ya tofar da jini. Ya dubi mazan da ke kan tabarma ɗaya bayan ɗaya.

"To. Wa zan ba?"

Babu wanda ya motsa. Wani ya kama jan carbi. Wani ya mai da idonsa kan takalminsa. Kukan Kadijatu kaɗai ke tashi.

Safiyyatu ta ture ƙyauren.

"Koma ciki," babanta ya ce.

"Ka yi min haƙuri, Baba." Ba ta koma ba.

Malam Sallau ya dubi 'yarsa, ya dubi jinin da ke ɗiga a ƙofar gidansa. Ya miƙe da ƙyar, ya tsaya gaban Rabe.

"Na yi dako da ƙarti iri-iri. Ban taɓa ganin wanda ya daki mutumin da hannunsa ke baya ba sai yau. Ɗauki makullinka."

Rabe ya kama hanya.

Tsohon ya juyo ga Rufa'i, ya girgiza kai.

"Ni ban gane irin mazan da kuke ba. Ban ce ya yi min daɗi ba, kuma ba zai yi min ba. Amma ka gaya wa Bappanka, waliyyinka, rana tana nan inda aka sa ta."

Rufa'i ya so ya durƙusa ya yi godiya, zanin ya ƙarasa zamewa ƙasa.

Safiyyatu ta ɗauke shi ta kakkaɓe. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Ɗazu na..."

"Bar shi, Safiyya."

"Nauyi gare ta?"

"Sai an daɗe ake ji."

Ta juya masa baya a gaban babanta da dattawan unguwa, ta sunkuya.

"Ɗora min ita. A hankali, ban iya ba tukuna."