Achar da Ba Ta Ƙamshin Hayaƙi

Saura awa biyu a fara taro Malam Sabo ya buɗe kwalbar irin acha, ya kai hanci, ya mayar da murfin a hankali.

"Wannan ba iri ba ne," ya ce. "Abinci ne."

Shekara goma sha tara yana gadin wannan zauren taro a garin Laurel na ƙasar Amurka. Kafin nan manomi ne, ɗan manomi. Yau ƙungiyar masu bincike ta ƙasashe tara za ta karrama matasa, ta farko a jerin kuwa ita ce Chundung, 'yar Filato, wadda ta shekara huɗu tana nazarin wata tsohuwar acha mai jure fari. Sharuɗɗan lambar yabon biyu ne: ta saki sakamakonta kowa ya karanta kyauta, ta kuma miƙa irin a gaban jama'a ga rumbun ajiya na ƙungiyar. In aka shuka bai tsiro ba, za a karɓe lambar, a ce ƙarya ta tsara.

Chundung ta riƙe gefen tebur. "Baba, da hannuna na zuba shi jiya. Da takardar izini ya shigo ƙasar nan. Shi ke nan gaba ɗaya, babu wani a duniya."

Malam Sabo ya zuba kaɗan a tafinsa. "Duba. An surfe ta, ba ɓawo. Ko a gonar aljanna kika shuka wannan, gwate kawai za ta yi a tukunya."

Amma ya lura da wani abu: an cuɗa achar da toka.

Ya ɗauko littafin ƙofa. Mutum uku suka shiga ɗakin ajiya, inda kwalbar ta kwana, tun safe. Ya fara da Nasir, wanda ya zo na biyu a gasar, haifaffen Upper Marlboro, nan Amurka.

"Me ya kai ka ɗakin?"

"Caja na je nema, Baba."

"Ka ji haushi da ta kayar da kai?"

"Sosai ma. Amma ban taɓa komai ba."

Malam Sabo ya miƙa masa tafinsa. "Mene ne wannan?"

Nasir ya leƙa. "Yashi?"

"Tafi abinka. Allah ya shirya masu haihuwa a nan."

Na biyu Dakta Hayatudeen ne, mutumin Kumasi, malamin Chundung. An taɓa jin yana cewa wani kamfanin iri ya neme shi.

"Dakta, kamfanin nan har yanzu yana kira?"

Ya yi dariya. "Malam, wa zai sayi abin da za a raba kyauta da azahar? Kuma cokali ɗaya ya ishi kamfani. Me zan yi da kwalba guda?"

Malam Sabo ya gyaɗa kai. Maganar ta zauna.

Ta uku Mama Edna ce, mahaifiyar Chundung, wadda ta zo daga Jos sati biyu da suka wuce. Ta shiga ɗakin ne, in ji littafi, don gyara ɗankwali. Malam Sabo ya same ta a kujerar baya, jakarta a cinya, hannu biyu a kai. Ya gaishe ta yadda ya kamata, ya tambayi gajiyar hanya da mutanen gida, sannan ya zauna kusa.

Nan ya ji shi. Ƙamshin hayaƙin madafa, irin wanda ke kama irin da aka rataye a saman murhu shekara da shekaru. Sai ga ɗakin mahaifiyarsa a gabansa, zangarniyar gero baƙa ƙirin a rataye, da gargaɗin da ake yi wa yara kada wanda ya taɓa ko yunwa za ta kashe shi.

"Maman Chundung, jakar nan tana ƙamshin gida."

Ta ƙara matse ta.

"Mai son ya kayar da yarinyar nan, kwalbar gaba ɗaya zai ɗauke," ya ce. "Mai son sayarwa cokali zai ɗiba. Wanda ya yi wannan ya sayo acha a shagon 'yan Afirka ya cika kwalbar, don kada yarinya ta tsaya gaban mutane hannu rabbana. Har ya zuba toka saboda ƙwari. Masu digiri a firiza suke ajiya. Toka hannun manomi ce, ko da ƙarya yake haɗawa ba ya iya mantawa."

Chundung ta iso ta tsaya. "Mama?"

Mama Edna ta buɗe jakar. Irin yana ƙulle a bakin tsohon zane. Malam Sabo ya ɗebi kaɗan a tafinsa, ya shinshina, ya mayar.

"Na uwata ne," ta ce. "Ranar da muka bar ƙauye ba mu ɗauki tukunya ba, ba mu ɗauki tabarma ba, wannan ta ƙulle a zaninta. Ba mu koma ba. Yanzu ke ki juye shi duka ga mutanen da ba su san sunanta ba? Wane manomi ne yake bayar da iri har ƙasan tukunya?"

"Mama, za su shuka shi a ƙasashe tara. Ba zai ƙara ɓata ba."

"Ni fa? Me zan koma da shi?"

Malam Sabo ya miƙe. "Ke, Mama, kin yi laifi. Da na yi shiru, da 'yarki ta zama maƙaryaciya a idon duniya da hannunki. Ke kuma, 'yata, duk karatunki ba ki tambayi mai iri ba."

Ya kira Dakta Hayatudeen. "Dokarku ta ce sai duka?"

"Rabi ma ya isa. Ba wanda ya tambaya ne."

Mama Edna da kanta ta raba, da tafin hannu, kashi biyu. Da za a manna wa kwalbar takarda, ta ce a dakata.

"Ba lambar rajista kaɗai ba. Ku rubuta sunan uwata, Ngo Kachollom."

Aka rubuta. Da aka kira Chundung, ta hau dandamali da kwalbar, ta karanta sunan kakarta kafin nata.

Malam Sabo yana bakin ƙofa, a wurin aikinsa. Ya kai tafinsa hanci. Ƙamshin bai tafi ba, bai kuma wanke hannun ba sai da lokacin alwala ya yi.